Takardar da Ba Ta da Isnadi

Ranar 7 ga Maris, 2003, Muhammad el-Baradei, ɗan ƙasar Masar da ke shugabantar hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya a wancan lokaci, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa wasu takardu da aka miƙa wa hukumarsa na jabu ne. Takardun suna ɗauke da sunan gwamnatin Jamhuriyar Nijar, da tambarinta, da sa hannun manyan jami'anta. Abin da ke cikinsu kuwa shi ne wai Nijar ta ƙulla cinikin sayar wa Iraƙi ta Saddam Husaini tan 500 na yuraniyam, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit. Kwana 13 bayan wannan jawabi, ranar 20 ga Maris, aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne sauƙin da aka samu wajen gano ƙaryar. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan wata na Oktoban 2000, an kuma sa mata hannu da sunan Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali mutumin ya bar wannan kujera tun 1989. Akwai kuma takarda mai ɗauke da kan Majalisar Ƙoli ta Soja, wadda ita ma ta daɗe da rushewa. Duk wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Yamai da ya ɗora ido a kan takardun nan zai gane akwai lauje cikin naɗi kafin ya kai ƙarshen shafi. Masu binciken hukumar nukiliyar ma sa'o'i kaɗan suka ɗauka, da taimakon bincike a intanet. Amma kafin nan takardun sun shafe watanni suna yawo, tun daga Oktoban 2002 da wata 'yar jarida ta mujallar Panorama ta miƙa su ga ofishin jakadancin Amurka a birnin Rum. Tun ma kafin haka, a Fabrairun 2002, an aika tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai ya binciki zancen, ya koma ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. Duk da haka a Janairun 2003 Shugaba George Bush ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsa ya ce Birtaniya ta samu labarin Saddam ya nemi yuraniyam daga Afirka. Sai a watan Yuli, bayan an riga an ci Iraƙi da yaƙi, Fadar White House ta yarda bai kamata maganar ta shiga jawabin ba.

Ban ce waɗannan takardu su kaɗai suka jawo yaƙin ba. Na kawo su ne domin mutanen Nijar su ne aka yi wa ƙagen, kuma domin a ga cewa takardar jabu ba ta bukatar ƙwarewa matuƙar ta faɗa hannun wanda yake son abin da ke cikinta ya zama gaskiya. Mu kan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A fagen siyasa furen kaɗai ya ishi mai ƙarya, don kwana uku kawai yake nema, a jefa ƙuri'a ko a tashi jiragen yaƙi.

Yau wasiƙar ta koma imel, ko kuma hoton imel da wani ya ɗauka daga fuskar waya ya jefa a WhatsApp. Tana da wani kwarjini da jita-jitar baka ba ta da shi. In mutum ya ce maka "an ce wane ya karɓi kuɗi", kana iya tambaya wa ya ce. Amma in aka nuna maka saƙo da sunan wane a sama, da kwanan wata, da sa'a har da minti, sai ka ji kamar ka leƙa ɗakin mutum ka kama shi dumu-dumu. Gani ya kori ji, in ji mu. Wannan jin na cewa ka ga sirrin da aka so a ɓoye maka, shi ne jarin maƙerin takardar bogi, shi ya sa kullum yake rubuta "asiri ya tonu" ko "da ɗumi-ɗumi" a kanta.

Malaman hadisi sun riga mu shiga wannan matsala da shekaru sama da dubu, lokacin da masu rikicin siyasa da na aƙida suka riƙa ƙirƙiro magana suna jingina ta ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Maganin da suka fito da shi sananne ne ga duk wanda ya zauna a zaure: a raba labari gida biyu, isnadi da matani. A fara tambayar wa ya ji daga wa, sun ma haɗu kuwa, mutanen kirki ne ko kuwa. Sannan a dawo kan maganar kanta a auna ta. Ban san wata hanya da ta fi wannan dacewa da imel ba, domin shi imel na ainihi da isnadinsa yake tafe. Kowace kwamfutar da ta karɓi saƙo ta miƙa wa ta gaba tana rubuta sunanta da lokacin da ta karɓa a wani sashe da ke ɓoye a saman saƙon. A Gmail, in ka buɗe saƙo a kwamfuta ka taɓa ɗigo ukun nan da ke gefe, akwai zaɓin da zai nuna maka asalin saƙon da duk sarƙar da ya biyo.

Sunan da kake gani a gurbin "daga wane" ba shi da wani ƙarfi. An tsara imel tun farkon shekarun 1980, a zamanin da masu amfani da shi 'yan tsiraru ne da suka yarda da juna, don haka mai aikawa yana iya rubuta sunan da ya ga dama, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan wani a bayan ambulan. A Oktoban 2020, makonni biyu kafin zaɓen shugaban ƙasar Amurka, masu zaɓe a jihohi irin su Florida da Alaska suka samu imel da sunan ƙungiyar Proud Boys mai goyon bayan Donald Trump, ana yi musu barazanar su zaɓe shi ko a zo musu har gida. Ranar 21 ga watan hukumomin leƙen asirin Amurka suka ce saƙonnin daga Iran suka fito. Iran ta musanta, amma a Nuwamban 2021 aka tuhumi Iraniyawa biyu a kotu. Duk wanda ya tsaya a kan sunan da ke sama zai rantse ya san wanda ya aiko masa.

Wata dabarar ta fi wannan arha. Sai a yi rajistar adireshi mai kama da na gaske, a sauya harafi ɗaya: a jera "r" da "n" su yi kama da "m", ko a sa lamba 1 a gurbin harafin "l". A fuskar ƙaramar waya ido ba ya kamawa sai an nutsu. A Najeriya adireshin ma'aikatun gwamnati yakan ƙare da gov.ng, don haka in ka ga sanarwar da aka ce ta fito daga wata hukuma amma adireshinta na Gmail ne ko Yahoo, ka dakata tukuna. Na sani akwai jami'an da ke aikin ofis da adireshinsu na kansu, kuma wannan sakaci nasu yana daga cikin abin da ke sauƙaƙa wa 'yan damfara aiki.

Akwai kuma hatimi. Manyan masu jigilar imel suna buga wa kowane saƙo da ya fita daga wurinsu wani hatimin lissafi da ake kira DKIM. In aka sauya kalma ɗaya a jikin saƙon bayan an aika shi, hatimin ba zai ƙara dacewa ba. Da wannan aka yi aiki a 2016, lokacin da WikiLeaks ta fara sakin imel ɗin John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, ranar 7 ga Oktoba. An sace su ne tun a Maris ta hanyar wani saƙon bogi mai kama da na Google da ya ce masa ya sauya kalmar sirrinsa. Wasu da abin ya shafa suka nuna kamar an yi wa saƙonnin cushe, sai masana suka gwada hatimin wasu daga cikinsu, ya dace. Na gaske ne.

A nan ne batun ya ƙara rikicewa, domin ingancin isnadi bai hana a yi wa matani mummunar fassara ba. Daga cikin waɗannan saƙonni na gaske wasu suka tsinto hirar abinci da gayyatar liyafa, suka ce kalmomin sirri ne na masu lalata da yara, suka jingina abin ga wani gidan sayar da abinci a birnin Washington. Ranar 4 ga Disamban 2016 wani mutum ya tuƙo mota daga jihar North Carolina da bindiga, ya shiga gidan ya yi harbi, yana neman yaran da aka ce an tsare a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bai samu yaro ko ɗaya ba, gidan ma ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Aka ɗaure shi shekara 4. Saboda haka ko takarda ta tabbata ta gaske ce, sauran tambaya: abin da aka rubuta a kanta da manyan haruffa, shi ne abin da ta faɗa? Sau da yawa mutum yakan karanta sharhin da aka ɗora a sama, ya ɗan kalli takardar, ya tura.

Mafi haɗari a ganina shi ne gauraye. A Mayun 2017 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta fitar da bincike a kan abin da ya samu David Satter, ɗan jaridar Amurka mai sukar gwamnatin Rasha. An yi wa imel ɗinsa kutse a Oktoban 2016, sannan wata ƙungiyar 'yan kutse mai goyon bayan Rasha da ake kira CyberBerkut ta saki takardunsa. Yawancinsu ba a taɓa su ba. Amma a cikin wata takarda an cusa sunaye da jimloli don a nuna wai madugun adawa Alexei Navalny da wasu 'yan jarida suna aiki da kuɗin waje. An gano cushen ne saboda takardar asali tana hannu, aka jera su gefe da gefe. Ka ga dabarar: takardu casa'in da tara na gaskiya su ne masu ba ta ɗarin shaida. Kamar mai sayar da buhun gero ne da ya zuba tsakuwa a tsakiya, in ka tsoma hannu a baki, gero za ka ɗebo.

Sai kuma zaɓen lokaci. Daren Juma'a 5 ga Mayun 2017, saura 'yan sa'o'i dokar Faransa ta rufe bakin 'yan takara, aka watsa tarin imel da takardu na kwamitin yaƙin neman zaɓen Emmanuel Macron, kimanin gigabait 9. Kwamitin ya yi sauri ya fitar da sanarwa kafin sha biyun dare cewa an yi masa kutse, kuma an cakuɗa takardun gaske da na bogi. Hukumar sa ido kan yaƙin neman zaɓe ta gargaɗi kafofin watsa labarai, jaridar Le Monde kuma ta ce ba za ta buga abin da ke ciki ba sai ta tantance, bayan zaɓe. Ranar Lahadi Macron ya ci da kusan kashi 66 cikin ɗari. A 2020 Amurka ta tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha shida da laifuffukan kutse, har da wannan. Ina ganin Le Monde ta yi daidai. Wanda yake da hujja ta gaskiya yana son a samu lokacin bincikenta, domin bincike ƙara mata ƙarfi yake yi. Wanda ya jira sai daren zaɓe ya saki tasa, ya gaya maka da kansa cewa ba ya son a bincika.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A Maris ɗin 2018 jaridun Guardian da Observer na Birtaniya suka ruwaito cewa lokacin zaɓen 2015 an kawo wa ma'aikatan kamfanin Cambridge Analytica, waɗanda wani attajiri ya ɗauka aiki don kada Muhammadu Buhari, wasu bayanai da aka ce an sato daga imel ɗinsa, har da na lafiyarsa. Rahoton bai nuna cewa Shugaba Goodluck Jonathan yana da masaniya ba. Bayan wancan zaɓe sai ga zancen Jibrin na Sudan, wai Buhari ya rasu an kawo mai kama da shi, har ta kai a Disamban 2018 shugaban ƙasa sukutum ya fito yana cewa shi ne da kansa. A Nuwamban wannan shekarar BBC ta nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Filato na watan Yuni suka yi ta yawo a Facebook suna hura wutar ramuwar gayya. A can Amurka ƙarshen ƙarya harbi ne a gidan abinci. A nan tana iya ƙarewa da tare hanya ana tambayar matafiya ƙabilarsu.

Abin da ke zuwa wayoyinmu galibi ba imel ba ne, hotonsa ne, ko hoton wasiƙa mai kan ofis: wane ya ajiye muƙaminsa, wane ya janye wa wane, an ɗage zaɓe a ƙaramar hukuma kaza, ga jerin waɗanda za a naɗa kwamishinoni. Hoto ba shi da sarƙar jigila, ba shi da hatimi, matani ne tsurarsa. Yaron da ya iya kwamfuta zai buɗe imel na gaske, ya sauya rubutun da ke fuskar allo, ya ɗauki hoto, cikin minti biyar. Kan wasiƙa da sa hannu kuwa daga tsohuwar sanarwa ake yanko su. Sojojin baka na da a rediyo suke, ka san muryarsu, ka san ubangidansu. Na yanzu suna bayan shafukan da ba suna, saƙonsu kuma yana iso maka ta hannun yayarka ko limamin unguwarku, mutanen da ba za ka taɓa zargi da ƙarya ba, waɗanda su ma turo musu aka yi.

To in isnadi ya yanke, saura matani, kuma a nan maƙera suke yawan tuntuɓe, kamar yadda suka yi da sunan ministan Nijar. Kwanan watan da ke takardar ya dace da ranar mako da aka ambata? Ofis ya fitar da wasiƙa ranar Lahadi ko ranar Sallah? Wanda ya sa hannu yana kan kujerar a lokacin? Sunan ma'aikatar haka yake a shekarar, ko an sauya shi? Har salon haruffa yakan tona asiri. A Pakistan a 2017 masu binciken dukiyar iyalin Firaminista Nawaz Sharif suka lura cewa wata takarda mai kwanan watan 2006 an buga ta da salon haruffa na Calibri, wanda bai shiga kasuwa ba sai 2007. Masu kare iyalin sun ce akwai samfurin gwaji kafin nan, amma tambayar ta riga ta tashi. Ka kuma saurari harshen. Mai laifi na gaske ba ya rubuta wa abokinsa cikakken bayanin laifin, da sunan kowa da adadin kuɗi da dalili, domin abokin ya riga ya sani. Wasiƙar da ta yi wa mai karatu bayani dalla-dalla, ta kuma faɗi daidai abin da abokan adawa suka daɗe suna zargi, don mai karatu aka rubuta ta.

Bayan wannan sai a fita daga cikin takardar. In da gaske gwamna ya yi murabus ko INEC ta ɗage zaɓe, ba a rukunin WhatsApp na 'yan ajinku kaɗai za a ji ba. Ka duba shafin hukumar, ka kunna rediyo, ka jira labaran yamma. Hoto kuma ana iya sa shi a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wata ƙasa ko wata shekara. Akwai masu aikin tantance labari irin su Dubawa da Africa Check, kuma suna fitar da wasu bincikensu da Hausa. Aikinsu yana da kyau, amma ba su da yawa, kuma gyara ba ya gudu kamar ƙarya. WhatsApp ma ya rage yawan waɗanda za a iya tura wa saƙo lokaci guda zuwa biyar a 2019, yana kuma sa alama a kan saƙon da aka yi ta turawa. Wannan alama shaida ce cewa ba wanda ya san mafarinsa.

Wasu suna ganin doka ce magani. Ina da ja a nan. An yi amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati, har sai da aka yi masa gyara a 2024. In aka bar mai mulki shi ne zai yanke abin da yake ƙarya, takardar gaskiya da ta tona asirinsa ita zai fara kira ta jabu. Wannan ma wata ɓarna ce da masu ƙera takardu suka jawo mana: sun ba kowane ɓarawo mafita, da an kama shi sai ya ce haɗawa aka yi. Shi ya sa ƙaryata komai ba hikima ba ce. Takardun Panama na 2016 na gaske ne, kuma 'yan jarida ɗaruruwa sun shafe kusan shekara suna tantance su kafin su buga kalma ɗaya.

Gwaji mafi wuya a zuciya yake. Na lura da kaina cewa takardar da ta taɓa ɗan takarar da nake so nakan bi ta layi-layi ina neman kuskure, wadda kuwa ta taɓa wanda ba na so sai in ji hannuna yana sauri. In wani ya ja hankalinmu sai mu ce ai ruwa ba ya tsami banza, ko mu rubuta "kamar yadda na samu" a sama, muna zaton mun wanke kanmu. Ba mu wanke ba. Da ka tura, ka shiga isnadin, kuma wanda ya karɓa daga gare ka saboda mutuncinka ya gaskata.

Roƙona ga mai karatu, musamman masu kula da rukunonin WhatsApp da malamai da duk wanda ake jin maganarsa: in takarda ta zo maka ana saura kwana biyu zaɓe, ko a ranar da gari ya ɗauki zafi, ka tambayi wanda ya turo maka inda ya samo ta. In ya ce shi ma turo masa aka yi, ka bar ta ta kwana a wayarka.